Malamin da ke ba kowane labari matsayinsa

A Madarunfa, kudu da Maraɗi, yaro yakan tashi da labarai iri-iri a kunnensa. Da dare kaka ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san ƙage ne. Da rana ya bi ta bakin tafki, manya su nuna masa kaburburan waliyyai 99 da garin ya yi suna da su, waɗanda tun 2006 Nijar ta sa su, tare da tafkin da dajin, cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su. Da azumi kuma ga tafsiri. Gwanin da nake jinjina wa shi ne malamin da duk waɗannan ke bi ta bakinsa, amma ba ya cakuɗa su.

Ka kasa kunne ga yadda yake buɗe zance. In aya ce, yakan yi shiru, mai jan baki ya ja ta, sannan ya bi ta kalma-kalma da Hausa. In hadisi ne, za ka ji "an karɓo daga", ya ambaci sahabi. In ya zo kan karamar wani bawan Allah na bakin tafki, sai murya ta sauka: "Magabata sun ce." Ya rufe da "Allah ne masani." Manomin da bai taɓa buɗe tafsirin Jalalaini ba ya gane wanne ya fi wanne nauyi. Littafin nan kuwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa ta Katsinawa, domin ɗaya daga marubutansa, Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙa ya aika wa Sarkin Katsina.

Inda gwanintar ta fi fitowa fili shi ne ƙissar Annabi Yusuf, sura ta 12, mai ayoyi 111. Malami gwani yakan riƙe riga tun daga farko. Ga rigar da 'yan'uwa suka shafa wa jinin ƙarya. Ga wadda aka yage ta baya, ta zama shaidar da ta wanke shi. Ga wadda aka jefa a fuskar Annabi Yaƙub, ganinsa ya dawo. Kafin a kai ta ukun sai ya tsaya, ya dubi jama'a, ya ce, "Kun tuna rigar farko?" Nan take wuri ya ɗauki kabbara, wani dattijo ya sa hannun riga yana share ido.

A cikin wannan daɗin ma ba ya sakin linzami. Da ya ambaci Zulaiha sai ya ce Alƙur'ani bai faɗi sunanta ba, matar Azizu kawai ya kira ta, sunan daga littattafan malamai ya zo. Wannan 'yar jimla tana burge ni ƙwarai, don mai ba da labari ya fi kowa sanin cewa ƙari yana jawo taro, shi kuwa ya haƙura.

In azumi ya riske ka a Madarunfa, nemi wuri kusa da mai jan baki bayan la'asar, ka lura da kalmar da malam ke fara kowane labari da ita.