Lissafi da Sa'a: Tarken Rahoton Gyaran Kalandar Indiya na 1955

1.0 Gabatarwa

Kalmar "sa'a" da Hausa ta aro daga Larabci tana ɗauke da kaya biyu. A gidanta na asali ma'anarta wani yanki ne na lokaci, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta ƙaro ma'anar dace, har yakan ce sa'a ta fi sammako. Irin wannan tafiya ce kalmar muhurta ta yi a harshen Sanskirit na ƙasar Indiya. Asalinta kashi ɗaya ne cikin 30 na yini da dare, wato minti 48. Amma a yau idan mabiyin addinin Hindu ya ce yana neman muhurta, yana nufin lokacin da ya dace a ɗaura aure, ko a tare a sabon gida, ko a buɗe kanti, ko a kama hanya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wani muhimmin aiki da ya shafi wannan al'ada, wato Rahoton Kwamitin Gyaran Kalanda wanda aka buga a Indiya a 1955. Za a nuna cewa rahoton ya ƙware wajen gyaran lissafi, amma bai auna nauyin tambayar da jama'a suke yi wa kalandarsu ba. Masanan kwamitin sun amsa tambayar "yau nawa ga wata?", alhali abin da mai gida yake tambaya shi ne "yau wace irin rana ce?"

2.0 Fancanga da gaɓoɓinta

Kafin a yi wa rahoton hukunci, wajibi ne mai karatu ya san abin da aka so a gyara. Littafin kwanakin shekara na Hindu sunansa fancanga, ma'ana "mai gaɓa biyar". Gaɓoɓin su ne wara da tithi da nakshatara da yoga da karana.

Wara ita ce ranar mako, kuma tana farawa ne daga fitowar rana zuwa wata fitowar. Tithi kuwa ita ce ƙashin bayan tsarin. Masana taurari sun kasa da'irar sama daraja 360. Duk lokacin da wata ya ƙara wa rana tazarar daraja 12, tithi ɗaya ta cika, saboda haka akwai tithi 30 a kowane wata: 15 a farin wata, 15 a duhunsa. Da yake gudun wata ba ɗaya ba ne kullum, tsawon tithi yakan kama daga kimanin awa 19 zuwa 26, kuma tana iya farawa da tsakar rana ko da tsakar dare. Ƙa'idar ita ce, tithin da fitowar rana ta tarar, ita ce ke ba wa yinin suna. Don haka wata tithin takan fara ta ƙare ba ta ga fitowar rana ba, sai a tsallake ta a ƙidaya, wata kuma takan ga fitowa biyu, sai a maimaita ta.

Nakshatara su ne masaukan wata guda 27, kowane da faɗin daraja 13 da sulusi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga malaman hisabi na ƙasar Hausa, waɗanda suka gaji manzili 28 daga Larabawa. Taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Balarabe ya ce Surayya, su ne Kirittika a jerin Indiyawa, kuma tun wajen 1030 Albiruni ya bayyana wa masu karatun Larabci wannan lissafi a littafinsa kan Indiya. Karana rabin tithi ce. Yoga kuma ana samun ta ne ta hanyar haɗa matsayin rana da na wata a kasa shi gida 27.

Wata 12 na wannan lissafi kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kwana 11. Don kada bukukuwa su bar yanayinsu, akan cusa ƙarin wata guda, adhika masa, kusan duk bayan wata 32 da rabi, kamar yadda aka yi watan Sharawana biyu a 2023.

3.0 Yadda ake zaɓen sa'a

A kan waɗannan gaɓoɓi aka gina ilimin muhurta, wanda ke da littattafansa, kamar Muhurta Cintamani na Rama Daiwajna da aka wallafa wajen 1600. Tithi ta 4 da ta 9 da ta 14 ana kiran su rikta, wato "wofi", ba a son fara abin alheri a cikinsu. Karanar da ake kira Wishti ko Bhadra ana gudun ta. Lokacin da ke fara minti 96 kafin fitowar rana, Barahma muhurta, shi ne na ibada da karatu. A yawancin arewacin ƙasar akan jingine ɗaurin aure na tsawon wata huɗu na damina, lokacin da ake kira Caturmasa.

Wanda ya fi shiga harkar yau da kullum, musamman a kudanci, shi ne Rahu-kala. Ana kasa yini kashi takwas, a ba Rahu kashi ɗaya, kimanin minti 90. Idan rana ta fito ƙarfe 6, to ran Litinin lokacin yana daga 7:30 zuwa 9:00, ran Juma'a daga 10:30 zuwa 12:00, ran Lahadi daga 4:30 zuwa 6:00 na yamma. Mai kiyaye wannan al'ada ba zai sa hannu a yarjejeniya ko ya fita neman aiki a cikinsa ba. Kada mai karatu ya ɗauka abin na mutanen karkara ne kaɗai. Kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na awa guda a lokacin bikin Diwali don a yi cinikin neman albarka, sunansa ma cinikin muhurta.

4.0 Abin da kwamitin ya tarar da abin da ya yi

A 1952, shekara biyar bayan samun 'yanci, aka kafa kwamitin ƙarƙashin shugabancin Farfesa Meghnad Saha, masanin kimiyyar taurari, tare da N. C. Lahiri a matsayin sakatare. Sun tarar da kalanda kusan 30 a ƙasa ɗaya. A arewa wata yana ƙarewa da cikar farin wata, a kudu da yamma yana ƙarewa da ɓacewarsa. Wasu na ƙidayar shekara da zamanin Wikrama, wasu da na Shaka, Bangal da Kerala kuma kowa da nasa.

Babbar ɓarakar da suka gano tana cikin tsawon shekara. Da yawa daga masu tsara fancanga suna bin tsohon littafin Surya Siddhanta, wanda ya sa shekara kwana 365.2588, alhali shekarar da yanayi ke bi kwana 365.2422 ce. Bambancin minti 24 ne kacal, amma a shekara 60 ya zama kwana guda, a shekara 1,400 ya kai kwana 23. Mafi yawan wannan sulalewa ta samo asali ne daga layin da duniya ke yi a kan ƙafarta, kamar katantanwar da yaro ya murza, wanda ke kawar da taurari daga yanayi da daraja ɗaya a kowace shekara 72. Shi ya sa bikin Makara Sankaranti, wanda al'ada ta ɗaure da juyowar rana zuwa arewa, ake yin sa 14 ko 15 ga Janairu, bayan kuwa rana ta juyo tun 21 ko 22 ga Disamba.

Maganin da rahoton ya kawo kashi biyu ne. Don harkokin mulki ya tsara kalandar rana mai bin zamanin Shaka, wadda shekararta ke farawa 22 ga Maris, ko 21 a shekara mai tsalle. An fara aiki da ita ranar 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga Caitra 1879, shekara guda bayan rasuwar Saha. Don harkokin addini kuwa ya ce a riƙa lissafin tithi da nakshatara da ma'aunin zamani, a kan tsakiyar ƙasa guda, a kuma buga fancangar gwamnati, Rashtriya Fancang, wadda har yau ake fitarwa daga Kalkata cikin harsuna fiye da 10.

5.0 Tarke

Dole a yaba wa rahoton ta fuska biyu. Na farko, bai yi wa al'adar kallon raini ba. Ya zauna ya feɗe ta, ya ware babban kashi ga tarihin kalanda a Indiya da sauran ƙasashe. Na biyu, ya tsaya a kan gaskiyar da ba ta da makawa, wato idan har tithi tazara ce tsakanin wata da rana, to wajibi ne lissafinta ya dace da abin da ke sama. Duk mai fancangar da ya ce tithi ta ƙare alhali wata bai kai wurin ba, ya saɓa wa ƙa'idarsa da kansa. Wannan hujja ce daga cikin gida, kuma ta yi tasiri.

Sai dai akwai rauni uku. Na farko, kalandar mulkin da aka haifa ba ta da masu ita. Ana ganin ta a kan Gazet ɗin gwamnati, ana jin ta a rediyon ƙasa, amma ma'aikaci yana karɓar albashi da kalandar Turawa, uwar gida tana azumi da tithi. Kalandar Shaka ba ta biyan buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. An tashi rage 30, an ɓuge da ƙara ta 31. Gwada wannan da Kalnirnay, kalandar bango da Jayantrao Salgaonkar ya fara bugawa a Mumbai a 1973. Ba ta ƙirƙiri sabon wata ba. Ta ajiye kwanan watan Turawa ne, ta rubuta tithi da bukukuwa a cikin gidan kowace rana, ta kuma shiga miliyoyin gidaje. Ɗan kasuwa ya gane abin da kwamitin masana ya tsallake.

Rauni na biyu shi ne zaton cewa saɓani duka daga kuskuren lissafi yake. Diwalin 2024 ya ƙaryata wannan. Tithin ɓacewar wata ta fara da yammacin 31 ga Oktoba, ta ƙare jim kaɗan bayan faɗuwar rana a 1 ga Nuwamba, ta taɓa almuru biyu ke nan. Malaman Hindu ba su yi gardama kan mintin da ta fara ba. Gardamarsu a kan wane almurun ne nassi ya fifita. Wasu suka yi biki ran 31, kasuwar hannun jari ta yi cinikinta ran 1. Haka kuma, tunda fitowar rana ce ke ba yini suna, kuma tana riga fitowa a Kalkata da kimanin awa guda kafin Mumbai, tithi ɗaya tana iya faɗawa ranaku dabam a biranen biyu ko da lissafin kowa daidai ne. Tsarin da ya rataya a kan fitowar ranar garinku ba zai taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ga tsakiyar ƙasa guda ba.

Rauni na uku shi ne mafi girma. Da kwamitin ya zo kan kwanakin nan 23 da suka sulale, sai ya ja da baya. Maimakon ya mayar da watannin addini kan yanayi, ya bar mafarinsu a tazarar daraja 23 da kwata daga inda dare da rana ke daidaita, don ya dace da abin da akasarin masu fancanga suke yi. Ana iya kiran wannan hikima, domin da an matsar da bukukuwa mako uku da ba wanda zai bi. Amma sakamakonsa abin lura ne. Wannan ma'auni, wanda yanzu ake kira ayanamsar Lahiri, shi ne ya zama abin dogaron mafi yawan masu duban taurari a Indiya, kuma shi ne ke cikin manhajojin wayar da ke sanar da mutum Rahu-kala. Ashe abin da ya fi rayuwa daga aikin masana kimiyya shi ne kayan aikin masu duba.

A nan ne shirun rahoton yake da tsada. Ingancin lissafi yana iya aron rigarsa ga abin da ba a gwada ba. Cewa tithi ta 9 za ta fara ƙarfe kaza magana ce da na'urar hangen sama za ta tabbatar. Cewa tafiyar da aka fara a cikinta ba za ta yi kyau ba magana ce ta imani da al'ada. Idan aka buga su a shafi ɗaya, da lambobi iri ɗaya, mai karatu yakan ba su daraja ɗaya. Matuƙar abin ya tsaya a jinkirta buɗe kanti da minti 90, babu wanda ya cutu, hasali ma yana sanyaya zuciya, yana tara dangi a kan magana ɗaya. Amma idan ya kai ga iyali su nemi likita ya sa lokacin tiyatar haihuwa ya dace da muhurta, kamar yadda ake samu a biranen Indiya, to an shiga wani fage da ke buƙatar a bambance tsakanin ƙidaya da fassara.

6.0 Kammalawa

An ga yadda fancanga take da gaɓoɓi biyar, da yadda ake zaɓen sa'a da su, da kuma gyaran da kwamitin Saha ya kawo. Hukuncin wannan maƙala shi ne, rahoton 1955 aiki ne nagari a fagen lissafi, mai rauni a fagen sanin halin jama'a. Ya ɗauki kalanda a matsayin ma'auni kawai, alhali ga mai amfani da ita harshe ce da yake bayyana tsoronsa da fatansa game da gobe. Manazarcin al'ada da zai tunkari irin wannan tsari, a Indiya ko a wani wuri, yana da aiki biyu: ya tabbatar da lissafin, ya kuma saurari abin da mutane ke nema a cikinsa. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu zai samu kalanda sahihiya wadda ba a rataya ta a bangon kowa ba.