Jira, Fata da Tsammani: Nazarin Kalmar “Esperar” da Takwarorinta na Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba kalmomi uku na Ingilishi masu kusancin ma'ana, wato “wait”, “hope” da “expect”, da yadda ake mayar da su Sifaniyanci. Ƙananan ƙamusoshi da jerin kalmomin da ake raba wa ɗalibai sukan jera su ukun a gefe guda, su ajiye kalma ɗaya tak a gabansu: “esperar”. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun bar mai koyo a tsakiyar hanya, domin ba su nuna masa inda Sifaniyanci yake ɓoye bambancin da Ingilishi ya fito da shi fili ba. Ɗalibin Hausa yana da riba a nan, tunda harshensa ya riga ya raba jira da fata da tsammani.

2.0 Inda bambancin yake

Asalin “esperar” shi ne “sperare” na Latinanci, wanda ke nufin sa rai. Daga nan Faransanci ya samu “espérer”, ya bar ta a kan ma'anar fata, ya keɓe “attendre” don jira. Sifaniyanci kuwa sai ya ɗora wa kalmar kaya uku. Akwai “aguardar” mai nufin jira, amma a maganar yau da kullum “esperar” ta fi ta kasuwa. Saboda haka ginin jimla ne yake tantance ma'ana:

(1) Espero que venga. Ina fata ya zo.
(2) Espero a que venga. Ina jira ya zo.
(3) Me lo esperaba. Dama na yi tsammanin haka.

Tsakanin (1) da (2) babu komai sai harafin “a”, amma shi ya mayar da mai fata mai jira. A (3) kuwa wakilin suna “me” ne ya juya aikatau zuwa tsammani, kuma wannan siga ce ake yawan ji idan abin da ya faru ba na daɗi ba ne. Ƙamus da ya rubuta “expect = esperar” ya yi shiru, ya jefa ɗalibi cikin haɗarin cewa yana fatan faɗuwa jarrabawa alhali tsammaninta kawai yake yi. A fannin suna ma haka abin yake: “espera” jira ne, kamar a “sala de espera”, ɗakin jira, “esperanza” fata ce, “expectativa” kuma ta fi kusa da tsammani. Duk da haka ana cewa “esperanza de vida” ga abin da Ingilishi ya kira “life expectancy”, wanda lissafi ne na matsakaicin tsawon rai, babu ruwansa da burin kowa.

3.0 Sunayen littattafai biyu

Babu inda matsalar ta fi fitowa kamar a fassarar sunan littafi, inda mai fassara ba shi da dogon sarari na bayani.

Littafin Charles Dickens mai suna “Great Expectations”, wanda ya fito a 1861, an san shi a Sifaniyanci da “Grandes esperanzas”. Wannan fassara ta yi daɗin ji, amma ta kauce. A Ingila ta ƙarni na 19, idan aka ce saurayi yana da “expectations”, ana nufin akwai dukiya ko gado da ke tafe gare shi, magana ce ta lauyoyi da takardu. Haka ta faru da Pip, maraya da ya tashi a gidan maƙeri Joe Gargery: lauya Jaggers ne ya zo ya shaida masa cewa wani da ba ya son a ambaci sunansa ya tanadar masa dukiya. Pip ya ɗauka Miss Havisham ce, ashe Magwitch ne, ɗan fursunan da ya taɓa kai wa abinci yana yaro. Zambon da ke cikin sunan ya dogara ne ga wannan: yaron bai tsaya ga fata ba, ya ƙirga kuɗin a matsayin nasa, ya soma jin kunyar mutanen da suka rene shi. Bahaushe zai gane halin nan da sauri, shi ne tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Kalmar “esperanzas” ta tausasa wannan, ta sa Pip ya zama kamar yaro mai kyakkyawan buri. Abin lura shi ne “expectativa” tana ɗauke da ma'anar yiwuwar samun gado ko haƙƙi ko muƙami, wadda ta fi dacewa da labarin, sai dai ba ta da zaƙin da masu sayar da littafi suke so. Faransanci ya tsira daga wannan tarko, domin “espérances” a tsohuwar ma'anarta tana nufin gadon da ake sa ran samu.

Wasan Samuel Beckett ya bi akasin wannan hanya. Da Faransanci aka fara buga shi a 1952 da sunan “En attendant Godot”, aka nuna shi a Paris a 1953, sannan marubucin da kansa ya mayar da shi Ingilishi, “Waiting for Godot”. Duka sunayen biyu jira kawai suka ambata. Na Sifaniyanci, “Esperando a Godot”, shi ma jira ne a nahawu, amma kunnen mai jin harshen ba zai rasa jin amon fata a cikinsa ba. Vladimir da Estragon suna gindin bishiya a bakin hanya, kullum yaro ya zo ya ce Godot ba zai zo yau ba sai gobe, su kuma ba su tafi ba. Me ya riƙe su, in ba sa rai ba? A nan rashin rarrabewar ya zama riba, ko da yake ana iya cewa ya faɗi abin da Beckett ya so ya bari a rufe. Hausa tana da abin da ya zarce duka ukun, jiran gawon shanu, har da bishiyar a ciki, amma wanda ya sa wa wasan wannan suna ya tona ƙarshensa tun kafin a buɗe labule.

4.0 Abin da ya shafi aikin aji

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bi ta harshe na uku. Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci yana ganin “esperar” sai ya tuna “espérer”, ya rubuta fata ko'ina. Sai a ga “te espero en la estación” ta koma “ina fatarka a tasha”, alhali cewa aka yi “ina jiranka a tasha”. Wanda ya bi ta Ingilishi kuma yakan ɗauki ma'anar farko da ƙamus ya jera. Ƙamus ɗin Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, ya nuna hanyar da ta fi, domin yakan raba ma'anonin kalma ya kawo misalan amfani da su. Irin wannan tsari ne ya kamata ɗalibi ya bi idan ya ci karo da “esperar”: ya duba ko “a” ta biyo baya, ko akwai wakilin suna kamar “me” ko “se” manne da aikatau, sannan ya zaɓi tsakanin jira, fata da tsammani.