Jinjina ga Malaman da Ba Su Daina Ɗaukar Karatu Ba

A cikin birnin Kano, malami ya zauna da 'yan'uwansa malamai su ja baƙi tare tsohuwar al'ada ce. Unguwar Madabo ta yi suna da karatun Muhtasar, Malam Muhammadu Salga kuma ya yaye almajirai irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari, waɗanda suka zama malaman malamai. Da aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci, allon bango da jarrabawa sun shigo, amma karatun zaure bai mutu ba.

Magadan waɗancan malamai nake yi wa jinjina: malaman kwaleji da jami'a da ke tashi daga aji a gajiye, su ratsa lungu bayan la'asar, su tuɓe takalma a ƙofar zaure. Mai digirin digirgir ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, ya buɗe Risala, gefen shafi cike da ƙananan rubutu. Ɗaya ya karanta, wani ya fassara, dattijo ya ce, "Malam, maimaita wurin nan." Sai a tsaya a kan jumla guda har a kira magariba, ana neman misalin da ɗalibi zai gane. Nan gwanintar take, domin sanin mas'ala daban, iya fahimtar da ita daban.

Babu alawus, babu takardar shaida. Washegari ɗalibansu su ji darasi ya warware, ba su san inda aka fara tankaɗe shi ba. Allah ya saka musu da alheri.