Jinjina ga Maɗinka Mata na Nima da Maamobi

A zangunan Akra, musamman Nima da Maamobi, shagon ɗinki matattarar mata ce, inda maɗinkiya ke iya faɗa wa mai kawo ɗinki abin da kunya ke hana furtawa a fili. Waɗanda ke ribatar lokacin awo domin tunatar da mata game da sankarar mama, wato tsiron da ke tasowa idan ƙwayoyin jiki suka hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, sun cancanci jinjina, domin suna ƙarfafa duba kai a kai a kai da gaggauta zuwa asibiti irin Korle Bu da zarar an ji ƙullutu. Ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.