Wa Ke Magana da Yawun Gulbi? Tarken Rahoton Muhalli Kan Sauya Tsohuwar Gadar Jirgin Ƙasa

Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba ɗora ma'auninsu a kan waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Akwai kuwa wani nau'in rubutu da ba a cika kai shi aji ba, alhali tasirinsa a rayuwar jama'a ya zarce na littattafai da dama, wato rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli. Shi ne kundin da doka ta wajabta a rubuta kafin a soma babban aiki irin na madatsar ruwa ko layin dogo. Yana da mai ba da labari, yana da taurari, yana da zubi da tsari, yana kuma da jigon da yake son mai karatu ya amince da shi. Wannan muƙala za ta auna shi da ma'aunin tarke ta fuskar tambaya guda: me yake iya gani, me kuma yake kuɓuce masa, idan aikin da ke gabansa shi ne sauke tsohuwar gadar jirgin ƙasa a gina sabuwa? Fagen nazarin shi ne layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda da ƙasashen Zurmi da Shinkafi da ke bayansa. Abin da muƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a yadda doka da sabo suka zuba shi, rahoton ya ba mai aiki baki, ya bar gulbi da gada da mutanen gaɓa a matsayin waɗanda ake magana a kansu.

Layin Dogo da Gulaben Arewacin Zamfara

Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar sama da kilomita 200, kuma a nan ya tsaya. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Jirgi bai taɓa shiga Zurmi ko Shinkafi ba, amma kayan kasuwanninsu sun riƙa isa tashar Ƙaura a bayan jakai da raƙuma, daga baya kuma a motoci. Ruwa shi ne igiya ta biyu da ta ɗaure waɗannan garuruwa. Gulbin Gagare yana wucewa ta Ƙaura ya nufi arewa zuwa ƙasar Shinkafi, Gulbin Bunsuru kuma yana ratsa ƙasar Zurmi, daga bisani su haɗu da Gulbin Maraɗi su zama Gulbin Rima.

Gadoji da kwalbatocin wannan layi sun doshi shekara ɗari. Faɗin tsohon layin Nijeriya milimita 1,067 ne, sababbin layukan da ake shimfiɗawa yanzu, irin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi waɗanda aka aza harsashinsu a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne, jiragensu kuma sun fi nauyi da gudu. Saboda haka duk ranar da aka cika alkawarin farfaɗo da layin Ƙaura, wanda gwamnatoci suka sha ɗauka, tambayar abin da za a yi da tsofaffin gadoji za ta taso. Ita ce kuma tambayar da ke jiran manyan gadojin dogo na ƙasar: ta Kogin Challawa a kan layin da ya isa Kano a 1911, da ta Jebba ta 1916, da ta Makurɗi ta 1932.

Asalin Rahoton

Kowane nau'in rubutu yana ɗauke da tabon haihuwarsa. A 1988 aka gano an jibge guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Abin kunyar ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan ta fitar da doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta tantance tasirin manyan ayyuka. Tun daga 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahotannin. Tsoron guba da gurɓata ne ya haifi dokar, shi ya sa idonta ya fi kaifi a kan abin da za a iya ɗiba a kwalba a kai ɗakin gwaji. A jerin ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike, abin da ta ambata a fannin dogo shi ne shimfiɗa sabon layi da fitar da reshe. Sauya gada a kan tsohon layi bai fito da sunansa ba, don haka zurfin binciken da za a yi masa ya rataya ne ga yadda jami'ai suka auna girmansa. Tun kafin a ɗora alƙalami ke nan, tsohuwar gada ta faɗo a gefen labari.

Mai Ba da Labari

Rahoton yana magana ne da muryar masani wanda ya ga komai, bai kuma karkata ko'ina ba. Ba ya cewa ni, ba ya cewa mu. An auna, an gano, ana hasashe. Amma ɗalibin adabi ya san cewa ɓoye mai magana salo ne, kuma tambayar farko ita ce wa ya ba shi alƙalami. Amsar a fili take: mai aikin ne ke ɗaukar kamfanin ƙwararrun da zai rubuta rahoton, shi ne kuma ke biyansa. Wannan bai nuna ƙwararrun maƙaryata ne ba. Yana nuna cewa matsayinsu ya yi kama da na makaɗin fada, wanda zai iya faɗin gaskiya da yawa, amma akwai iyakar da ba zai tsallaka ba muddin yana cin abincin gidan. Bambancin shi ne mai sauraron makaɗi ya san ubangidansa, mai karanta rahoto kuwa an gabatar masa da shi a rigar alƙali.

Zubi da Tsari

Babi-babin rahoton sun kusa zama iri ɗaya a ko'ina: dalilin aiki, zaɓuɓɓuka, bayanin muhalli, illoli, hanyoyin rage su, sai tsarin sa ido. Wanda ya lura da wannan jeri zai ga an warware ƙulli tun a farkon labari. Babin dalilin aiki ya riga ya tabbatar da cewa aikin wajibi ne, sai babin zaɓuɓɓuka ya kawo zaɓin barin abu yadda yake, ya kayar da shi cikin 'yan layuka. Daga nan kowace illa tana zuwa riƙe da maganinta a hannu. A labarin da ke da irin wannan zubi babu fargaba, domin babu abin da zai iya sauya ƙarshe.

Ga tsohuwar gada kuwa zaɓuɓɓukan gaskiya suna da yawa. Ana iya ƙarfafa ginshiƙanta a sauya ƙarafan sama. Ana iya gina sabuwa a gefenta a bar ta ga masu ƙafa da dabbobi da amalanke. Ana iya kwance ta a kafa a wani wuri, kamar yadda aka yi da gadar ƙafa da Lugga ya kafa a Zungeru a 1904, wadda aka mayar Kaduna, aka kuma ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Rahoton da bai auna kowane ɗayansu da kuɗi da haɗari da amfani ba, ya ba da sanarwa ne kawai.

Taurarin da Aka Hana Magana

Tauraro na farko shi ne gulbi. Gulaben wannan yanki masu fuska biyu ne: da rani yashi ne shimfiɗe, mutane na tona ramuka a cikinsa suna ɗibar ruwa, da damina kuma su cika su batse cikin sa'o'i kaɗan. Sabon masu bincike shi ne su ɗebi samfurin ruwa da ƙasa sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina. Ziyara biyu ba ta isa a san halin wanda ke nuna fushinsa sau ɗaya a shekaru ashirin ba. Gada kuwa tana sauya halin gulbi. Idan aka ƙuntata mashigin da ke ƙarƙashinta, ruwa zai yi baya ya kwanta a gonakin sama, ya fita ta ƙasa da ƙarfi yana cin gaɓa yana ƙwaƙule gindin ginshiƙai. Idan aka sauya mazaunin ginshiƙan, yashi zai sauya inda yake taruwa, fadamar da ake noman albasa da shinkafa ta wayi gari a binne ko a bushe. Zamfarawa ba sa bukatar a ba su labarin wannan daga nesa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, kafin a yi dokar tantancewa, ta rage ambaliyar da fadamun ƙasa suka dogara da ita, rikicin filaye da diyya kuma ya kai ga kashe manoma a 1980.

Tauraro na biyu ita ce gadar kanta. A rahoto takan fito a matsayin tsohon ƙarfe da za a kwashe. Alhali ita ce shaida mafi daɗewa a bakin gulbin: tabon ruwa a jikin ginshiƙanta da gyare-gyaren da aka yi mata tarihin ambaliya ne na kusan ƙarni guda. Tana kuma ɗauke da tarihin talakawan da aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai suka yi aikin tilas a layukan dogo na Arewa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa da dokar 1979 tana kare abin da aka ayyana ne, gadar da ba a ayyana ba kuwa ba ta da mai tsaya mata.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Tsufa ba tsarki ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 2025, ambaliya ta hallaka sama da mutum 150 a Mokwa ta Jihar Neja, mazauna garin kuma sun shaida wa 'yan jarida cewa ruwa ya taru ne a bayan tudun tsohon layin dogo bayan da shara ta toshe kwalbatocinsa, har tudun ya ɓalle. Tsohon gini da aka yi watsi da shi yana iya kisa. Wannan ya ƙara nuna rauni a zubin rahoton, domin zaɓin barin abu yadda yake, wanda ake wucewa da sauri, shi ma yana da illolin da suka cancanci babi guda.

Tauraro na uku su ne mutanen gaɓa. Ƙa'ida ita ce a baje rahoto na kwanaki 21 na aiki a ofisoshin gwamnati domin jama'a su duba su yi ƙorafi. Kundin kuwa da Ingilishi yake, mai ɗaruruwan shafuka cike da jadawali. Wannan ƙasa ce da ta haifi Ibrahim Narambaɗa da Kassu Zurmi, inda aka saba adana tarihi a ka, a miƙa shi da baki. Dattijon da ya san shekarar da ruwa ya kai gindin wace tsamiya, da matar da ta san wane rami ne ba ya ƙafewa, da makiyayin da ya san mashigin da shanu ke bi, duk suna riƙe da ilimin da injiniya ke bukata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin: ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi sun watse saboda 'yan bindiga, don haka mai binciken da ya iske gaɓa babu kowa zai iya rubuta cewa aikin bai shafi kowa ba.

Darasi Daga Kogin Misuri

Domin a ga yadda wannan nau'in rubutu yake idan an buɗe masa ƙofa, yana da kyau a leƙa Amurka, inda dokar tantance muhalli ta fara aiki a 1970. A birnin Bismak na Jihar Dakota ta Arewa akwai gadar jirgi a kan Kogin Misuri da aka gina a farkon shekarun 1880. Kamfanin BNSF ya nemi sauke ta, wata ƙungiyar mazauna yankin ta nemi a bar ta ta zama ta masu ƙafa. Dokar adana kayan tarihi ta 1966 ta tilasta a saurare su, aka shafe shekaru ana muhawara, har da lissafin yadda ginshiƙan gadoji biyu za su ɗaga ruwa lokacin ambaliya. A ƙarshen 2022 hukuma ta amince da gina sabuwa da sauke tsohuwar. Masu son gadar sun sha kaye, amma an kayar da su ne da hujja a bainar jama'a, kuma hujjarsu tana nan a rubuce. Abin koyi a nan shi ne ƙarshen labarin bai tabbata ba sai da aka kai ƙarshe.

Kammalawa

Tarke bai cika ba sai ya nuna inda za a gyara. Ya kamata a ambaci sauya gada a kan gulbi da sunansa cikin ayyukan da dole a yi wa cikakken bincike. Ya kamata kuɗin binciken ya bi ta hannun hukuma, ita ta zaɓi marubutan. A fassara taƙaitaccen rahoto zuwa Hausa, a boko da ajami, a karanta shi a rediyo da ranakun kasuwa, a kuma bi waɗanda suka yi gudun hijira har inda suke. A ware babi ga tarihin ambaliya daga bakin dattawa, a gwada shi da alƙaluman ma'aikata. Cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda za su iya soma ƙidaya da zana gadojin layin tun yanzu, kafin zancen ya zama ihu bayan hari.

Mai yiwuwa bayan duk wannan a sauke wasu gadojin, kuma hakan ya zama daidai. Abin da ake nema shi ne manomin fadamar Shinkafi ya ji dalilin da harshensa, ya kuma sami damar musantawa kafin a kawo katafila. Ɗaliban adabi suna da rabo a wannan aiki, domin horon da suka samu na tambayar wa ke magana da wa aka hana magana shi ne ainihin abin da karatun irin wannan kundi yake bukata.