Fim da Dijital a Hannun Masu Ɗaukar Hoton Taurari

A shekarar 1883 wani Baturen Ingila mai suna Andrew Common, wanda sha'awa ce kawai ta kai shi ga ilimin taurari, ya yi amfani da babban madubin hangen nesa da ya kafa a gidansa da ke Ealing, ya ɗauki hoton gajimaren Orion. Hoton ya fito da taurarin da ido ya kasa gani ta cikin wannan madubin. Tun daga nan aka gane aikin kyamara a sararin sama: tara haske kaɗan-kaɗan har ya isa a gani. Da wannan ma'auni ya kamata a auna fim da dijital, kuma a ganina dijital ya yi rinjaye tun kafin a zo batun araha ko sauƙi.

Fim yana da rauni iri biyu. Cikin ƙwayoyin haske ɗari da suka sauka a kansa, 'yan kaɗan ne ke barin alama. Sannan idan hasken ya yi rauni aka daɗe da buɗe kyamara, kuzarinsa sai ya riƙa raguwa, ta yadda ninka lokaci ba ya ninka abin da aka samu. Karl Schwarzschild ya yi nazarin wannan matsala tun ƙarshen ƙarni na 19. Don magance ta, a da masu sha'awa sukan gasa fim a cikin iskar haidirojin da naitirojin, wasu su sanyaya kyamara da busasshiyar ƙanƙara, kana mutum ya kafa ido a madubi awa guda yana bin tauraro ɗaya da hannu. Jirgin sama ya gifta, wahalar dare ta tafi a banza, kuma ba zai sani ba sai an wanke fim. A ɓangaren dijital kuwa, na'urar CCD, wadda Boyle da Smith suka ƙirƙira a 1969, tana kama fiye da rabin hasken, kuma idan haske ya ninka, adadin da take bayarwa ma ninkawa yake. Shi ya sa ake ɗaukar gajerun hotuna da yawa, a zubar da gurɓatattu, a haɗa sauran a kwamfuta. A 2016 Víctor Buso, maƙerin makullai a Rosario ta Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara sai ya kama farkon fashewar wani tauraro, kuma masana suka yi aiki da jerin hotunansa saboda kowanne awo ne mai lokacinsa.

Masu kare fim sukan ce hotonsa ya fi gaskiya, tunda na dijital sai ya sha gyara a kwamfuta. Ƙorafin yana da tushe, domin akwai masu ƙara launi har sama ta koma kamar atamfa. Amma fim ma bai taɓa tsira daga hannun mai shi ba. David Malin, wanda hotunansa daga Ostireliya suka yi suna a duniya, a ɗakin wankin hoto ya ƙware wajen fito da abin da ya ɓuya a farantin gilashin da ake ɗaukar hoto a kai, yana haɗa farantai uku don samun launi. Kowane fim kuma da launin da ya fi karkata gare shi. Ɗanyen fayil na dijital kuwa ana iya miƙa wa wani ya sake aikin daga tushe, ya ga inda aka yi ƙari.

Inda fim ke da sauran magana shi ne hoton zagayen taurari, wanda tsohuwar kyamara marar batir za ta kwana a buɗe ta zana layukan ba yankewa, da kuma adana. Kodak ya daina yin fim ɗinsa Technical Pan a 2004, amma farantan gilashi kusan rabin miliyan na jami'ar Harvard, wasu tun ƙarni na 19, har yau ana karanta su. Wannan hujja ce mai nauyi, domin fayil ɗin da ke kwamfutar mutum ɗaya yana iya salwanta rana guda. Maganinta na hannun masu sha'awar: su riƙa tura awonsu ga ƙungiyoyi irin AAVSO, wadda tun 1911 take tattara abin da irinsu suka gani.