Samariya da Waƙar Gasa: Sharhi Daga Ƙasar Alakos

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wani nau'in waƙar baka wanda manazarta ba su faye kula da shi ba, watau waƙar da 'yan samariya suka riƙa shiryawa domin gasar bikin matasa na ƙasa a Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarar 1976. Za mu kira ta waƙar gasa, don mu bambanta ta da waƙar dandali, wadda ita ce uwarta. Mun zaɓi mu hango al'amarin daga ƙasar Alakos saboda abin da tsari ya yi wa waƙa ya fi fitowa fili a gefen ƙasa, inda hanya take da nisa, harsuna kuma suke da yawa.

Alakos tana cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, arewa maso gabas da birnin Zandar, tsakanin Damargu da Kutus, babban garinta kuwa shi ne Garazu. Ƙasa ce ta bakin iyakar noma, inda manomin gero da makiyayi suke shan ruwa a rijiya ɗaya. Ana jin Barbarci da Buzanci da Fillanci a wannan yanki, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da ke haɗa su. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Kafin mu shiga batun gasa, ya kamata mu tuna cewa ba gwamnati ce ta ƙago samariya ba. Tsohuwar ƙungiya ce ta samari da 'yammatan gari, mai sarkinta, watau sarkin samari, da muƙarrabansa masu sarautun kwaikwayon na fada. Aikinta biyu ne, kuma ba sa rabuwa: gayya da wasa. Samari su yi wa tsoho noma ko su yashe rijiya da rana, da dare kuwa a share dandali, makaɗi ya ɗauki kalangu ko ganga, 'yammata su yi gaɗa. Ba wanda ake biya albashi. Amma kuskure ne a ɗauka cewa aikin kyauta ne zalla. Mai gona yana ciyar da 'yan gayya. Samari suna yi wa makaɗi kari a fili. Idan kaka ta yi, a kai masa damin hatsi. Wanda ya ƙi fitowa gayya akan ci shi tara, ko kuwa ranar bikinsa ya ga dandali fayau. Ashe dai ƙungiyar tana tsaye ne a kan bashin juna, wanda ba a rubuta shi, ba a kuma mantawa da shi.

Bayan da sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974 a ƙarƙashin Seyni Kunce, aka rushe jam'iyya, sai gwamnati ta nemi wata hanyar isa ga talakawa, ta same ta a samariya. Aka farfaɗo da ita, aka shimfiɗa ta a ko'ina cikin ƙasa da wannan suna na Hausa, har a wuraren da ba a san ta da shi ba, aka kuma jera ta hawa hawa daga ƙauye da unguwa zuwa kanto da gunduma da jiha. 'Yan samariya suka gina azuzuwan makaranta, suka dasa itatuwa. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Zandar, daga nan ya riƙa zagayawa manyan biranen jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ba Nijar ce ta fara irin wannan ba: Gini ta Seku Ture ta riga ta, Mali ma tana da bikinta na bayan shekara biyu biyu tun 1970. Abin da ya bambanta Nijar shi ne ta ɗora ginin a kan harsashin da ta tarar, maimakon a kan matasan jam'iyya.

Adalci ne mu fara da abin da tsarin ya yi na kirki, domin ba kaɗan ba ne. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ɗan sarauta ko ɗan malami ba ya tsayawa gaban jama'a ya rera waƙa ba tare da an yi masa gori ba. Haka abin yake a wajen maƙwabta, inda aka bar wasu kaɗe-kaɗe ga wasu gidaje. Bikin matasa ya sassauta wannan ƙaidi. 'Yar attajiri da 'yar maroƙi suka tsaya sahu ɗaya cikin anko ɗaya, iyaye kuma suka haƙura tun da sunan gari ake nema. Bugu da ƙari, gidan rediyon Muryar Sahel, da talabijin ta ƙasa wadda ta fara aiki sosai a ƙarshen shekarun 1970, sun sa mutumin Doso ya ji algaitar Mangari, mutumin Gure ya ga rawar Zabarmawa. Wanda ya ce wannan ba kome ba ne bai san yadda ƙasar take a rarrabe kafin lokacin ba.

To, amma me ya sami waƙar kanta? A nan ne sharhinmu yake.

Abu na farko shi ne lokaci. Wasan ƙauye na kaka ne, sa'ad da rumbu ya cika, ga farin wata, ga aure-aure. Bikin ƙasa kuwa an ɗaure shi ne da watan Afrilu, watan zagayowar ranar juyin mulki, don haka share fage da tankaɗe suka faɗo cikin rani. A ƙasa irin Alakos, wannan shi ne lokacin da samari majiya ƙarfi suke can ci-rani, makiyaya kuma sun bi dabbobi neman ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 abin ya ƙara tsananta. Saboda haka wanda ya rage a gari shi ake samu, kuma garin da ke da makaranta da ma'aikata da mota shi ke da rinjaye tun kafin a buga ganga. Gasa ce wadda birni ya shiga da ƙafar dama.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi girma, masu sauraro sun sake. Waƙar dandali ba ta da iyakar tsawo. Zabiya tana jan ta gwargwadon yadda fili ya yi zafi. Ƙarfinta yana cikin abin da 'yan gari kaɗai suke ganewa: habaici ga saurayin da ya gudu daga gayya, zambo ga marowaci, sunan wata rijiya, laƙabin wata tsohuwa. Ɗango ɗaya yakan sa fili ya ruɗe da shewa, baƙo kuwa ya tsaya yana kallon mutane bai san abin da aka faɗa ba. Idan aka ɗauki wannan waƙa aka kai ta gaban alƙalai a Gure, sa'an nan a Zandar, sa'an nan a wani birnin da ba a taɓa jin sunan ƙauyen ba, dole a yi mata aski. Sai a yanke ta ta dace da 'yan mintocin da aka ba kowace ƙungiya, a cire habaici tun da ba mai gane shi, a cire zambo tun da manya suna zaune, a cike gurbin da jigogin da hukuma take so: haɗin kan ƙasa, ƙwazon aiki, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci. Abin da yakan tsira shi ne karin murya da amshi. Shi ya sa mai kunne, idan ya saurari waƙar gasa, zai ji kamar tufa ce mai ƙyalle biyu: amshin tsoho ne, ya sha wanki, kalmominsa gajeru masu daɗin furtawa, ɗiyan waƙar kuwa sababbi ne, cike da dogayen kalmomin jawabi waɗanda mawaƙiya take tauna su da sauri don su shiga cikin kiɗa. Inda aka dace da gwanin tsari, ɗinkin ba ya nunawa, kuma an sami irin waɗannan har mutane suka mayar da su waƙoƙin daka da na reno. Inda ba a dace ba, sai ka ji jawabin kumandan ne aka sa wa kalangu.

Kada a fahimce ni da cewa jigon gargaɗi shi ne aibi. Mawaƙan Hausa sun daɗe suna gargaɗi, kuma Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗan zamani sunansa a 1987, bai rasa masu saurare ba don ya yi wa ƙasa waƙa. Aibin shi ne jigo ya zo daga sama a ƙulle, mawaƙi ya zama ɗan dako.

Na uku shi ne harshe, wanda ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Ba a hana kowa waƙa da harshensa ba, kuma an ji harsunan ƙasa dabam dabam a dandalin bikin. Amma duk mai shirya ƙungiya yana da lissafi: alƙalai da 'yan kallo sun fi jin Hausa, saƙon da ba a ji ba kuwa ba ya cin maki. A yankin da kowa yake jin Hausar kasuwa, kamar Alakos, matsin ya fi ƙarfi, domin juya waƙa zuwa Hausa ba ya da wuya. Sai a bar wa harshen gida amshi da 'yan kalmomin ado, a ba Hausa ɗiyan waƙa. Hausar da ake ba su kuwa sau da yawa ta rediyo ce, domin ita ce mai sababbin kalmomin mulki da raya ƙasa. Ta haka aka yi hasara biyu a tafiya ɗaya: harshen gida ya koma kwalliya, karin Hausar yankin kuma ya ɓuya a bayan ta ma'aikata. Duk da haka akwai riba ga mai nazarin harshe. Waɗannan waƙoƙi su ne fagen da aka gwada sababbin kalmomi a bakin talaka. Kalmar da ta shiga waƙa ta zauna daram, alama ce jama'a sun karɓe ta. Wadda aka yi ta tuntuɓe da ita, ko aka musanya ta da aron Faransanci, ita ma ta ba da shaida. Kwamitin ƙirƙirar kalmomi ba zai sami ma'auni da ya fi wannan ba.

Saura batun guzuri, wanda ba a son ambatawa. 'Yan rawa da 'yan amshi 'yan sa kai ne, amma makaɗin da yake riƙe da wasan duka, kiɗa shi ne gonarsa. A dandali ana yi masa kari nan take. A kan dakalin gasa kuwa 'yan kallo suna zaune nesa, ba mai tasowa ya manna masa ko dala, kuma makonnin da ya yi yana bita ba wanda zai mayar masa da su da dami. Anko da abinci da mota suka koma wuyan hukuma da attajiran gari da karo-karon da ba kullum ake bayar da shi da son rai ba. Sannu a hankali sarkin samari ya daina zama wanda tsararsa suka ɗora, ya zama wanda hukuma take kira. Bashin juna da muka ambata a baya ya koma umarni.

Sakamakon ya bayyana da wuri. Kunce ya rasu a watan Nuwamba 1987. A 1989 aka kafa jam'iyyar MNSD, samariya ta zama ɗaya daga cikin rassanta, da Taron Ƙasa na 1991 ya zo kuwa, sai aka dube ta a matsayin kayan tsohon mulki. Bikin ya daina zama abin kowace shekara. Kokawar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, ta rayu har yau, kuma dalilin bai ɓuya ba: ba a canza wa kokawa ma'ana ba don a kai ta birni, kaye kaye ne ko'ina, ɗan kallo kuma yana biyan kuɗin shiga da ransa. Waƙar gasa ba ta da mai nemanta in ban da gasar.

Akwai wani misali daga wannan yanki da ya cancanci a ajiye shi kusa da wancan. Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar, wadda take cikin gundumar Gure kafin a ba ta tata gundumar, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci. A 2002, da taimakon hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa a harshensu, ya kai su har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ba alƙali, ba maki, ba jigon da aka ba shi; ɗalibi ne da malami da isasshen lokaci. Ba na cewa wannan ya isa ya maye gurbin biki, domin biki yana tara jama'a, zaman mutum biyu kuwa ba ya tarawa. Amma ta wannan hanya matanin waƙa ya iso da cikarsa.

Wannan ya kawo mu ga masu tsara yaƙi da jahilci. Abin mamaki ne a ce samariya da azuzuwan manya sun yi zamani ɗaya, a gari ɗaya, sau da yawa da mutane ɗaya, amma ba a ɗaura musu aure ba. Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci tun farkon shekarun 1960, tana da jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi ta Madawa, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zandar a 1973, taron Yamai na 1980 kuma ya kusanto da rubutun Hausar Nijar da na Nijeriya bayan shekarun da aka yi ana ninka wasula bisa tsarin Bamako na 1966. Kullum kukan malamai shi ne rashin abin karantawa ga wanda ya gama aji. Alhali kuwa ga matanin da ɗalibi ya riga ya haddace, wanda in ya gan shi a takarda zai gane kalma tun kafin ya gama haɗa baƙaƙenta. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, buƙatar irin wannan matani ta ƙaru, haka ma haƙƙin da ke kan Hausa na kada ta danne harsunan da take zaune da su.

Shawarata ga mai son yin wannan aiki a Alakos ita ce kada ya tsaya ga faya-fayen gidan rediyo, domin abin da ke cikinsu shi ne waƙar bayan an yi mata aski. Ya tafi da kaka, ya nemi matan da suka yi amshi a wancan zamani, ya roƙi kowace ta rera masa waƙar sau biyu: yadda aka kai ta gasa, da yadda take a dandali kafin a taɓa ta. Ya rubuta su daura da juna, kowace da harshen da aka rera ta, ba tare da ya gyara karin harshe ya koma daidaitacciyar Hausa ba, ya kuma tambayi ma'anar kowane habaici da sunan kowace rijiya. Yarinyar da take da shekara 15 a bikin Zandar na 1976, yau ta haura sittin.